Agogon kwamfutata yana ja baya duk da na kunna saitin lokaci na intanet

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da cike fom a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Babbar kwamfutar da muke fitar da rasit da ita, mai Windows 10, agogonta kullum ja baya yake yi. Na kunna wurin da aka ce za ta riƙa saita lokaci da kanta daga intanet, amma duk mako sai in tarar ta yi latti da minti uku ko huɗu. In na danna maɓallin saitawa sai ta gyaru, wani lokacin kuma ta ce ta kasa. Na canza batirin cikinta, ba ta daina ba. Abin har ya kai ana ƙin karɓar lambar sirrin da wata manhaja da ke kanta take ba ni don shiga asusuna. Yaran shago sun ce janareta ne ke jawowa. Gaskiya ne, ko dai kwamfutar ce ta gaji?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da na fahimta shi ne, kana da kwamfutar da aka umarta ta riƙa karɓar lokaci daga intanet, amma tana zubar da minti uku zuwa huɗu duk mako, danna maɓalli yakan gyara ta yau gobe ya ƙi, sabon batir kuma bai canza komai ba. A ganina matsala biyu ce ta haɗu maka. Agogon kansa yana tafiya ba daidai ba fiye da yadda aka saba gani, sannan abin da ya kamata ya riƙa gyara shi ba ya aiki, ko kuma jefi-jefi yake yi. Ta biyun ita ce babba, domin da tana tafiya yadda ya kamata, da ba za ka ma san da ta farkon ba.

Bari in fara da janareta. Yaran naka ba su yi maganar banza ba. Akwai agogunan da ke ƙidaya lokaci daga kaɗawar wutar lantarki, wadda a ƙa'ida sau 50 ce a sakan ɗaya, irin na wasu rediyoyin gefen gado da na jikin obin. In aka jona su da injin da ke gudu ƙasa ko sama da ƙa'ida, sai su yi latti ko su yi gaba. A farkon 2018 an ga haka a Turai, inda saɓani kan wuta tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa irin waɗannan agoguna suka ja baya da kusan minti shida a ƙasashe da dama. Amma kwamfuta ba ta cikin wannan sahun. Akwatin wutarta yana juya lantarkin tun kafin ya isa babban allo, agogonta kuma ba ya ƙidaya da shi. Ɗauke wuta da tada inji suna da hannu a matsalarka, amma ta wata hanya dabam, zan zo kanta.

Agogo biyu ne a cikinta

Na farko yana kan babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod. Ɗan ƙaramin kiristal ne mai kaɗawa sau 32,768 a sakan, shi ne batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yake riƙe da shi in an kashe kwamfuta. Na biyu kuwa babbar manhaja ce ke riƙe da shi. Da ka kunna, Windows za ta leƙa na farkon ta ɗauki lokaci, daga nan ta ci gaba da ƙidayarta da wani kiristal ɗin dabam har ka kashe. Ke nan lokacin da kake gani a gefen allo yana iya ɓacewa da dare a hannun agogon batir, yana kuma iya ɓacewa da rana a hannun na manhaja, kowanne da maganinsa. Wanda ya canza batir alhali da rana lokacin ke zubewa, bai taɓa matsalar ba ko kaɗan.

Babu kiristal ɗin da ke kaɗawa cif-cif. Ana auna kuskurensa da kashi cikin miliyan. Yini ɗaya sakan 86,400 ne, don haka kuskuren kashi 20 cikin miliyan ya kama kusan sakan 1.7 a yini, wajen sakan 12 a mako. Mai kashi 50 zai zubar da rabin minti a mako, kuma har yanzu lafiyarsa lau. Zafi yana ƙara abin. An yanka kiristal ɗin agogon batir ne don ya fi daidaito a wajen digiri 25, in yanayi ya haura haka ko ya yi ƙasa, sai ya rage gudu. A zafin Afrilu da Mayu na Katsina, cikin akwatin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, digiri 45 ba abin mamaki ba ne, kuma wannan zai ci maka sakan ɗaya da ɗoriya a yini. Yanzu duba naka lissafin: minti huɗu sakan 240 ne, cikin sakan 604,800 na mako, wato kusan kashi 400 cikin miliyan. Zafi kaɗai ba ya kai wa nan. Shi ya sa na ce agogon ma da sauran magana a kansa.

Kunna saiti dabam, samun amsa dabam

Tsarin da kwamfutoci ke tambayar lokaci da shi sunansa NTP. Wani malamin Jami'ar Delaware a Amurka, David Mills, shi ya tsara shi, an wallafa bayaninsa na farko a 1985. Kwamfutarka tana aika ɗan saƙo ga wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa, da ke da ingantaccen lokaci, ta ƙofa mai lamba 123, sabar ta amsa, ita kuma ta lissafa daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta gyara agogonta. Kamar mai agogon hannu ne da ke saita shi in ya ji an buga ƙarfe a rediyo. In yana kunna rediyon kowace safiya, ko agogon rago ne ba zai yi nisa ba. In kuwa sai ranar Juma'a yake kunnawa, ranar kuma aka yi rashin sa'a tashar ba ta kama ba, to mako biyu ke nan agogon na tafiya yadda ya ga dama.

Haka Windows take a kwamfutar da ba ta ƙarƙashin sabar ofis. A Windows 7 da na gabaninta, sau ɗaya a mako take tambaya. Sababbin sun rage tazarar, amma har yanzu awoyi ne tsakani, kuma sashen da ke wannan aikin, mai suna Windows Time, ba lallai ne ka same shi a kunne kullum ba. To a nan ne wuta take shigowa. In aka tada inji, kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, tare suke tashi, amma kwamfutar kan riga rautar kammala shiri, musamman mai amfani da layin waya wadda sai ta nemo sabis tukuna. In tambayar ta faɗo a wannan ɗan tsakanin, ba amsa. Haka in data ta ƙare, ko an rufe shago a lokacin da ya kamata ta tambaya.

Na taɓa duba ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Daura inda kowace na'ura da nata lokacin, wata ta yi gaba wata ta yi baya, kuma duk an kunna saitin. Malamin da ke kula da su ya riga ya sayo batir kwali guda. Kafin mu kwance ko da dunƙule ɗaya, sai muka buɗe baƙin allon umarni a ta farko muka rubuta w32tm /query /status. Layin da ke nuna ranar ƙarshe da aka yi nasarar saitawa yana nuna tun zangon karatun baya, layin da ke faɗin inda ake samun lokaci kuma an rubuta Local CMOS Clock, ma'ana agogon batir ɗin kanta take bi, ba kowa ba. Sai an tada inji ake shiga darasi, intanet kuma sai can daga baya ake jonawa in ana buƙata. Batiran nan yawancinsu ba a ma ɓare su ba.

Kai ma daga nan za ka fara. Nemo Command Prompt, wato baƙin allon umarnin nan, ka buɗe shi da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta umarnin da na ambata. Layi biyu za ka karanta, Source da Last Successful Sync Time. In Source ya nuna Local CMOS Clock ko Free-running System Clock, to ba ta jin kowa. In ya nuna sunan saba, kamar time.windows.com, sai ka duba ranar ƙarshen. Daga nan ka rubuta w32tm /stripchart /computer:pool.ntp.org /samples:5 /dataonly. Wannan ba ya gyara komai, aunawa kawai yake yi: zai fito maka da layi biyar, kowanne da tazarar da ke tsakaninka da sabar a sakan. In maimakon lambobi kuskure ya riƙa fitowa, an toshe hanyar.

Toshewar kan fito daga katangar tsaron kwamfutar, ko manhajar kashe ƙwayar cuta, ko rautar, ko kuma kamfanin da ke ba ka intanet. A 2013 da 2014 ɓata-gari sun riƙa amfani da sabobin NTP marasa tsaro suna ambaliyar saƙonni a kan shafuka don su durƙusar da su, daga nan masu kula da hanyoyin intanet da yawa suka ƙuntata wa ƙofa ta 123. Akwai wani tarko a nan da yakan ruɗa har ƙwararru: umarnin aunawa yana fita ta kowace ƙofa ya samu, amma sashen Windows Time ta 123 ɗin yake fita. Saboda haka aunawa na iya yin kyau, saitawa kuma ta ƙi. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka jona kwamfutar da intanet ɗin wayar wani mai layin wani kamfani dabam, ka rubuta w32tm /resync. In ta karɓa nan take, ka san inda gizo ke saƙa.

Wasu kan zargi rashin ƙarfin sabis. Gaskiya ne intanet ɗin layin waya yakan sa saƙon tafiya da na dawowa su bambanta a tsawon lokaci, kuma rabin wannan bambancin yakan zama kuskure a agogo. Amma maganar ɓangaren sakan ake yi, ba minti ba. Bai shafe ka ba.

Gwajin dare da rana

Wannan ba ya cin ko kwabo, sai haƙurin kwana ɗaya, kuma shi ne abin da nake roƙon kowa ya yi kafin ya sayi wani abu. Da safe ka saita kwamfutar ta yi daidai, sannan ka kashe saitin na intanet. Buɗe shafin time.is a wayarka, domin yana nuna har sakan. Da yamma kafin ka rufe shago, ka buɗe agogon kwamfutar inda sakan ke fitowa, ka kwatanta, ka rubuta bambancin a takarda. Kashe ta kamar yadda ka saba. Washegari ka kunna ba tare da intanet ba, ka sake kwatantawa, ka rubuta. Ka sami lamba biyu ke nan.

In da rana ba ta zubar da komai sai da dare, agogon batir ne. Kada ka ce ai ka canza. Batirin CR2032 da ya daɗe a tire cikin rana, ko jabu, yana iya zuwa a mace tun daga kwalinsa. Sa mai gyara ya auna shi da mita a gabanka. Sabo yakan nuna bolt 3 da ɗan ɗoriya, ni kuwa da na ga ya sauka ƙasa da 2.8 canzawa nake yi. A duba mazauninsa ma. Sau da yawa nakan tarar ƙarfen da ke danne batirin ya saki, ko ya yi wani kore-kore na tsatsa, ta yadda in ka taɓa da yatsa batirin har motsi yake. A goge, a ɗan lanƙwasa ƙarfen ya kama sosai. Ka kuma sani cewa muddin kwamfutar tebur na jone da wuta, ko a kashe take, ba batir take ci ba. Mu da wuta ke yin awoyi ba ta nan, batirinmu ya fi na wasu ƙasashen saurin ƙarewa. In batir da mazauni duk lafiya amma lokacin na zubewa da dare, kiristal ɗin ne ya raunana. Mai hannu da kyau a kan madabod zai iya canza shi, abu ne mai arha.

In kuwa da rana take zubarwa, batir ba shi da laifi. Nan sai a duba ko akwai wata manhaja da ke taɓa agogo. Wasu manhajojin na'urar ɗaukar zanen yatsa da na kyamarar tsaro suna saita lokaci da kansu, wasu masu gyara kuma sukan ɗora wata 'yar manhajar saita agogo su manta da ita. Biyu in suka haɗu sai ja-in-ja, wannan ya tura gaba wancan ya dawo da shi baya, kuma alamar ita ce kuskuren ba ya tafiya da tsari, yau kaɗan gobe da yawa. A bar guda ɗaya tak. Sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke kan madabod mai tada kwamfuta, da direbobin madabod, wato manhajojin da ke tafiyar da sassansa, ma yakan warware wasu, amma kada a taɓa BIOS sai da inbata ko wata wuta tsayayya, don in ta ɗauke ana tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa gaba ɗaya.

Yadda zan saita ta da a gabana take

Abu uku zan yi a allon umarnin nan. Na farko, in ba ta saba fiye da ɗaya: w32tm /config /manualpeerlist:"0.pool.ntp.org,0x9 1.pool.ntp.org,0x9 time.cloudflare.com,0x9" /syncfromflags:manual /update. Na biyu, in ɗaure sashen lokacin da samuwar hanyar sadarwa, ya riƙa tashi da zarar an jona: sc triggerinfo w32time start/networkon stop/networkoff. Na uku, in rage tazarar tambaya zuwa awa ɗaya. Wannan a rajistar Windows yake, wato ma'ajiyar saituttukanta, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\W32Time\TimeProviders\NtpClient, inda za a mayar da SpecialPollInterval ya koma 3600, a tabbata an zaɓi Decimal. In ba ka saba shiga rajista ba, don Allah ka kira wanda ya saba, wuri ne da kuskure ɗaya kan hana kwamfuta tashi. Bayan nan a sake kunna ta, a jira awa biyu, a sake duba w32tm /query /status a ga ko ranar ƙarshen ta matsa da kanta. Wannan dubawar ita ce shaidar gyara, ba ganin agogo ya yi daidai ba.

Kada ka ji tsoron data, saƙon NTP bai kai ko kalmomin gaisuwa ta WhatsApp nauyi ba. Tunda kuma kwamfutocin shagon sun fi ɗaya, in rautarka tana iya zama sabar lokaci, kamar na MikroTik, ya fi kyau ita ta riƙa tambayo waje, sauran su karɓa daga gare ta. Ko intanet ya yanke, aƙalla rasit ɗinku za su yi daidai da juna.

Wani abu da ke sa ta ce ta kasa: Windows tana da iyakar gyaran da take yarda ta yi da kanta. A kwamfutar da ba ta ƙarƙashin sabar ofis, awa 15 ne. In batir ya mutu kwanan wata ya koma shekarun baya, ba za ta gyara ba sai ka fara matso da shi kusa da hannunka.

Masu kama da matsalarka amma ba ita ba

In kuskuren awa ɗaya ne cif, ko awoyi cif, ba ja baya ba ne, yankin lokaci ne. Najeriya tana gaban lokacin duniya na UTC da awa ɗaya, kuma ba ma canza agogo da sauyin yanayi. A Windows sai a zaɓi West Central Africa. Kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Ingila suna da wata ruɗarwa ta musamman: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da namu, mai ita bai san komai ba, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba ya wayi gari ta koma baya da awa ɗaya. Haka wanda ya ɗora Windows da Linux, wata babbar manhaja dabam, a na'ura ɗaya, shi ma awa ɗaya zai riƙa gani, domin Linux tana ajiye UTC a agogon batir, Windows kuma lokacin gari.

Masu Linux kuwa, timedatectl zai nuna ko ana saitawa, chronyc tracking da chronyc sources su nuna dalla-dalla. Tsohuwar manhajar ntpd ba ta iya gyara gudun agogon da kuskurensa ya wuce kashi 500 cikin miliyan, wato kusan sakan 43 a yini, kuma in tazarar ta haura sakan 1,000 fita take yi ta bar aikin. Ga mai intanet ɗin da ke yankewa irin namu, chrony na fi ba da shawara, don an gina ta ne da irin wannan yanayin a zuciya, kuma tana koyon halin kiristal ɗin ta riƙa rama masa ko ba intanet.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga kwamfutarka ba, don haka ba zan rantse a kan ko batir ne ko kiristal ko manhaja ba sai gwajin daren nan ya yi magana. In kuma kwamfutar tana ƙarƙashin sabar wata hukuma ko kamfanin da kake yi wa rajista, daga can take karɓar lokaci, saitin da na ba ka ba zai zauna ba, su za ka tuntuɓa.

Game da ko ta gaji, ban ga dalilin sayen wata saboda agogo ba. Lambar sirrin da ake ƙin karɓa duk sakan 30 take canzawa, ana kuma lissafa ta ne daga agogon na'urar da ke fitar da ita, shi ya sa lattin minti uku ke kashe ta. Ko da kiristal ɗin naka ya ci gaba da kuskuren kashi 400 cikin miliyan, in ana tambaya duk awa, abin da zai taru bai kai sakan biyu ba, lambar za ta shiga, rasit ma zai fito da lokacinsa. Inda zan ce a nemi wani madabod shi ne in agogon yana tsalle ba tsari bayan an tabbatar da batir, an goge mazauninsa, an kuma cire duk wata manhaja mai taɓa lokaci. In ka yi gwajin, turo mini lambobin nan biyu na dare da rana, tare da abin da layin Source ya nuna, in sha Allah daga su za mu gane wanne ne.